Yagewar Tsokar Bayan Cinya: Ɗaukewar Zafi Ba Warkewa Ba Ce

A watan Afrilun 1999, Michael Owen na ƙungiyar Liverpool, yana ɗan shekara 19, ya faɗi a filin wasa na Leeds riƙe da bayan cinyarsa. Ya sha faɗi daga baya cewa gudunsa bai sake komawa yadda yake ba. Irin wannan rauni ne kan kayar da samari 'yan ƙwallo da 'yan kokawa a Daura, Mai'adua da Zango.

Tsokoki uku ne a bayan cinya, sun taso daga ƙashin da ake zama a kansa zuwa ƙasan gwiwa. Su ke riƙe ƙafa idan ta wurga gaba wajen gudu. In suka yage, jiki kan ɗinke wurin da tabo, shi kuwa tabo ba ya miƙewa kamar tsoka. Zafi yakan ɗauke tun ɗinkin bai yi ƙwari ba, sai yaro ya koma fili, wurin ya sake ɓarkewa, galibi a makonni biyun farko.

A kwanakin farko hutu da ƙanƙara ake bukata. Matsa da ruwan zafi ƙara zubar jini suke yi a ciki. Bayan haka sai motsa ƙafa sannu a hankali, ana ƙara nauyi, na makonni ko watanni.

Ga yaron da ƙashinsa bai gama haɗewa ba, tsokar kan fizgo ɓallin ƙashi. Wanda zama ya gagare shi, a kai shi asibiti a ɗauki hoto kafin a je wurin mai ɗori.