Tasirin Dandaƙar Fuska ga Juriyar Gaurayen Alminiyum

Gabatarwa

A shekarar 1954 jirage biyu samfurin Comet na Birtaniya suka tarwatse a sararin samaniyar Italiya. Binciken da aka gudanar a Farnborough ya gano cewa gangar jikinsu ta alminiyum ce ta tsage saboda gajiyar ƙarfe, wato raunin da ke samun ƙarfe idan aka yi ta ɗora masa nauyi ana saukewa sau dubbai. Wannan maƙala ta yi nazarin dandaƙar fuska a matsayin hanyar jinkirta wannan rauni.

Tushen Matsalar

Tsagar gajiya galibi daga fuskar ƙarfe take somawa, musamman a bakin huda ko inda aka sami ƙarzuwa. Ja ne ke buɗe ta, matsi kuwa ya rufe bakinta. Lamarin ya fi tsanani ga gaurayen alminiyum irin su 2024 mai tagulla da 7075 mai tutiya, domin ba su da wata iyakar nauyi da za a ce ƙasa da ita ba za su taɓa gajiya ba.

Yadda Dandaƙar Ke Aiki

Ana harba ƙananan ƙwallaye a kan fuskar da gudu. Kowane ƙwallo yakan bar ɗan gurbi, fatar ƙarfen ta nemi faɗaɗa, na ciki kuma ya hana ta. Daga nan sai matsi ya tabbata a fuskar, zurfinsa bai cika kai rabin milimita ba. Dole duk wani ja ya fara rinjayar wannan matsi kafin tsaga ta samu hanyar girma. Ana auna ƙarfin bugun da siririn ƙarfen da John Almen na kamfanin General Motors ya ƙirƙiro, ta hanyar duba lanƙwasarsa.

Iyakar Amfaninta

Alminiyum yana da laushi. Idan bugun ya wuce kima, fuskar takan yi kaushi, gurabun su zama mafarin sababbin tsagogi. Ƙwallayen baƙin ƙarfe kuma sukan bar ɓurɓushin da ke jawo zaizaya, shi ya sa ake amfani da na gilashi ko tangaran. Dandaƙa da hasken leza tana kai matsi zurfin milimita ɗaya ko fiye ba tare da kaushi mai yawa ba, sai dai tana da tsada.

Kammalawa

Ribar dandaƙa ta dogara ne ga daidaito tsakanin matsin da aka samar da kaushin da aka bari. Inda kaushi ya rinjayi matsi, aikin da aka yi don tsawaita rayuwar ƙarfe shi ne zai gajarta ta.