Ranar da faifan saba ya mutu a hannuna

Lokacin da nake IT a wani ƙaramin kamfani, aka ɗauke wuta da rana tsaka. Da aka dawo da ita, saba ta ƙi tashi. Faifan ajiyar ya mutu, ga lissafin albashin ma'aikata duk a ciki. Oga ya ce, "Ai muna da kwafi a intanet, ka dawo da shi kafin la'asar."

La'asar? Kwafin gigabait 200 ne, intanet ɗinmu kuma megabit 10 a daƙiƙa. Ku buga lissafin da kanku: awa 44 ke nan da ɗoriya.

Na sa sabon faifai mai girman tsohon, don ƙarami ba zai ɗauka ba, na tada injin da Ubuntu daga filashi. Da kwafin ya gama sauka a wani faifan waje, na gwada shi da sha256sum, lambar ta yi daidai da ta asali. Sai ga wata sabuwa: kwafin a kulle yake, kalmar sirrin kuma tana cikin faifan da ya mutu. Allah ya rufa asiri, wanda ya riƙe aikin kafin ni ya rubuta ta a bayan littafin janareta.

Saura dd, kuma nan ake kuka. Ba ta tambayar ko ka tabbata. Ka rikita sda da sdb, ka shafe kwafin da ka kwana biyu kana jira. Sau uku na duba lsblk, hannuna na rawa, kafin na danna. Ranar Alhamis da hantsi saba ta tashi, aka biya albashi Juma'a.