Shawara ga Mai Niyyar Zuwa Lome

Duk wanda Allah ya nufa da ziyartar Lome, birnin da Jamusawa suka mayar helkwatar Togo a 1897, wanda yau ya bunƙasa har ya manne da Aflao ta ƙasar Gana, lalle ne ya tanadi fasfo da katin allurar shawara, domin ɗan ECOWAS ba a tambayarsa biza, amma a iyakar Hillacondji, bayan ya baro Ikko ya ratsa Kwatano, katin nan ba a yafe shi. Ya canja nairarsa zuwa sefa tun kafin ya shiga kasuwar Asigame, ya kuma mayar da agogonsa baya da sa'a guda, kada salla ta rikice masa.

Amma abin da ya fi ruɗa baƙo shi ne Zango, gama dattawa za su kwatanta masa tsohon da ke daura da unguwar Amoutivé, alhali hukuma ta tashe shi tun 1977 zuwa Agoè, can arewacin gari, inda masallatai da masu masauki suke. Saboda haka ya bayyana wa ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, wanne yake nufi, su daidaita kuɗi kafin ya hau babur.