Kafin Ka Taya, Duba Ko Kai Ne na Nawa

Masu sayen dabbobi daga Jahun, Aujara da Harbo da ke zuwa karar Maigatari ranar Alhamis ko ta Gujungu sukan fito daga gida da kuɗi ɗaya a ka. Shi za su taya da hantsi, shi za su taya da la'asar, ko su ne suka fara tsayawa a kan sa, ko mutum biyar sun riga su. Nan asara take shigowa. Darajar san ba ta canzawa tsakanin safe da yamma, amma abin da mai saye ya sani game da cinikin yana canzawa, kuma a kan wannan sanin ya kamata a gina taya.

Akwai wasan karta na Turawa da ake kira birij, wanda Ba'amurke Harold Vanderbilt ya tsara masa ƙa'idar lissafin da ake bi yanzu a 1925. Mutum huɗu ne, biyu-biyu, kowa da kati 13, kuma kafin a fara jefawa sai an yi taya bi da bi. Maki 40 ne a cikin katin duka. Na farko da na biyu ba sa buɗe taya sai suna da maki 12 ko 13, domin ba su san abin da ke hannun abokin wasansu ba. Na uku yakan buɗe da 10 ko 11, tunda ya ji abokinsa ya yi shiru. Na huɗu kuwa, in ukun farko sun yi shiru shi ma ya ƙi tayawa, sai a sake rabo, babu wanda ya ci babu wanda ya faɗi, saboda haka ba ya buɗe baki sai ya hango riba. Kati ɗaya, hukunci daban-daban, gwargwadon inda mutum ya zauna.

Haka abin yake a kara: wanda ya fara taya shi ne mafi ƙarancin labari, kuma kuɗin da ya ambata shi dillali zai riƙa faɗa wa duk wanda ya zo bayansa. In ya yi ƙasa sosai, za a ce masa albarka a juya masa baya, ba za a neme shi ba ko da an tashi sallamawa. In ya yi sama, ya ba da kuɗinsa tun ba a roƙa ba. Maganinsa shi ne ya san yadda irin wannan dabbar ta tashi a kasuwar da ta wuce, ya taya abin da mai kaya zai ɗauka da muhimmanci, ya bar wa kansa wurin ƙari sau biyu ko uku. Wanda ya zo tsakiya ya samu ma'auni, sai dai daga bakin dillali ya ji shi, wanda la'adarsa tana jiran a sallama. Ya tambayi wa ya taya, ya kuma duba ko mutumin yana nan kusa. Mai zuwa da la'asar ya tarar da mai kaya yana lissafin kuɗin mota da na harawa in dabba ta koma gida. A nan jan ciniki ɓata lokaci ne. Ya faɗi kusan abin da zai iya biya sau ɗaya, in bai yi ba ya tafi da kuɗinsa.

Wani zai ce wannan koya wa mutane shiga cinikin ɗan'uwa ne, abin da hadisi ya hana. Malaman Malikiyya, har da mai Risala, sun bayyana cewa hanin yana farawa ne idan mai kaya ya karkata ga mai saye sun kusa daidaitawa, ba a farkon taya ba. Shi ya sa tambayar farko ga wanda ya zo a baya ita ce, an sallama ko ba a sallama ba? Dabarar na uku a birij kuwa, wadda wani ɓangarenta tare wa na bayansa hanya ne, ba ta da wuri a kara. Ɗaga kuɗi ba da niyyar saye ba shi ne najashi, kuma haramun ne ko da dillali ne ya roƙe ka ka yi.

Haka nan zuwa a ƙarshe ba izini ba ne na matse manomin da ya kawo sansa don biyan kuɗin magani. Mai saye, ka taya abin da kasuwar ranar ta nuna, kada ka taya gwargwadon matsuwar mai kaya.