Motsi da Tsayuwa a Ayyukan Alexander Calder da Matsalar Sanya Musu Suna a Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci rukuni biyu na ayyukan Alexander Calder (1898–1976), ɗan fasahar Amurka: masu lilo a rataye da waɗanda aka girke a ƙasa. Ta nuna cewa tushensu ɗaya ne, sannan ta duba sunan da ya dace da su a Hausa.

1.0 Gabatarwa

Mahaifin Calder da kakansa masassaƙa ne da suka yi suna a Amurka. Shi kuwa injiniyanci ya karanta a Cibiyar Fasaha ta Stevens, ya kammala a 1919. A 1926 ya tafi Faris, inda ya fara yin fice da siffofin mutane da dabbobi na waya. A 1930 ya ziyarci ɗakin aikin mai zane Piet Mondrian, ya ga kwalaye masu launi manne a bango, sai ya yi sha'awar ganin suna motsi. Daga nan ya karkata ga siffofin da ba su kwaikwayi wata halitta ba.

2.0 Ayyuka Masu Lilo

Marcel Duchamp ne ya laƙaba wa wannan rukuni sunan "mobile" a 1931, kalmar Faransanci da ke nufin abu mai motsi da kuma dalilin aikata abu. Na farko-farko inji ko hannu ke juya su. Amma motsin inji maimaici ne, don haka ba da jimawa ba Calder ya bar wa iska aikin.

Tsarinsu irin na sikeli ne. Kowane reshen waya yana ɗauke da fallen ƙarfe, mai nauyi kusa da maratayi, marar nauyi can nesa. Calder kan fara daga ƙaramin reshe, ya gano inda ya daidaita, sannan ya rataye shi jikin wanda ya fi shi girma. Saboda haka iska kaɗan ta isa ta girgiza jerin gaba ɗaya, siffar da aka gani yanzu kuma da wuya ta dawo daidai. Wanda aka rataya a 1977 a Gidan Fasaha na Ƙasa da ke Washington faɗinsa ya kai kimanin mita 23, amma nauyinsa kimanin kilo 420 ne kawai, domin yawancinsa da alminiyam aka yi shi.

3.0 Ayyuka Girkakku

Jean Arp ne ya kira rukuni na biyu "stabile" a 1932. Manyansu fallayen ƙarfe ne da aka ɗaure da noti, suna taɓa ƙasa da tsinin ƙafafu kaɗai. La Grande Vitesse da ke Grand Rapids (1969) da Flamingo da ke Shikago (1974) sun isa misali. Flamingo ja ne wur, tsayinsa kimanin mita 16, a tsakanin baƙaƙen gine-ginen Mies van der Rohe, jama'a suna ratsawa ta ƙarƙashinsa. A nan mai kallo ne ke motsi, kowane taku kuwa yana sauya masa siffar abin. Ke nan motsi bai ɓace ba, wuri ya sauya.

4.0 Matsalar Suna

Kalmomin da aka saba fassara wannan fage da su ba su dace da Calder ba. "Sassaƙa" ragewa ce, kamar yadda masassaƙi kan fitar da turmi ko akushi daga gungume, alhali Calder haɗawa yake yi. "Mutum-mutumi" yana buƙatar kamanni, "gunki" kuwa yana ɗauke da ma'anar bauta. Ɗalibin da aka gabatar wa aikin da ɗayan waɗannan zai yi ta neman fuskar da babu, ko ya ƙi kallo tun farko. Kalmar "ƙira" ta fi kusa, domin yanka ƙarfe da lanƙwasa shi da haɗa shi aikin maƙeri ne, ko da ba a zuga wuta ba, kamar yadda masu ƙirar gwangwani ke yi.

5.0 Kammalawa

Rukunan biyu sun dogara ne ga daidaiton nauyi da sararin da ke tsakanin fallaye. Maƙalar ta ba da shawarar a riƙa kiran na farko "ƙira mai lilo", na biyu "girkakkiyar ƙira", har masana harshe su tantance.