Amai da Gudawa da Sauran Lamuran Lafiya a Unguwar Limawa

Lafiyar unguwa a kan abu uku take rataye: ruwan da ake sha, wurin da ake ba haya, da inda ƙazantar gida take nufa bayan ta fita ƙofa. Limawa tana cikin tsofaffin unguwannin Minna, a Ƙaramar Hukumar Chanchaga, kuma saboda yawan jama'arta mazaɓu biyu ce, Limawa A da Limawa B. Tun da Minna ta zama hedikwatar Jihar Neja a 1976 mutane ke ta ƙaruwa, fili kuwa yana nan yadda yake. Gidaje sun cushe, bango ya jingina da bango, an yanki tsakar gida an yi ɗakunan haya, har ta kai a wasu gidajen taku kaɗan ne tsakanin rijiya da masai. A irin wannan zama cutar da ta fi tayar wa hukuma hankali ita ce kwalara, wadda aka fi sani da amai da gudawa.

Cutar ba baƙuwa ba ce. Ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, kuma tun daga lokacin ba ta bar Nijeriya ba, sai dai ta lafa ta sake tashi. Ta yi mummunar ɓarna a 1991. A 2021 hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Jihar Neja na cikin jihohin da abin ya shafa. A daminar 2025 ta sake ɓulla a ƙananan hukumomi da dama na jihar, har da Chanchaga da Bosso, sai da aka keɓe wurin kwantar da masu ita a Minna.

Abin da ke kawo ta wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, mai zama a cikin hanjin mutum, tana fita tare da bayan gida. Hanyarta guda ce, daga kashin wani zuwa bakin wani. Maganar ba ta da daɗin ji, amma haka take. Ba iska ke ɗauko ta ba, ba sammu ba ne, ba kuma sabon masara ko ɗanyen mangwaro ke haifar da ita ba, kamar yadda ake faɗa a bakin kasuwa. A 1854 wani likita mai suna John Snow ya bi diddigin mace-macen da aka yi a wata unguwa ta Landan, ya tarar yawancin mamatan daga famfo guda suke ɗiban ruwa, ya sa aka cire hannun famfon. Daga baya aka gano cewa ramin ƙazanta na wani gida ne ke yoyo cikin rijiyar famfon. Abin da ya auku a Landan shi ne ke aukuwa a kowane lungu da aka haƙa masai dab da rijiya. Wani abin lura kuma, yawancin waɗanda ƙwayar ta shiga cikinsu ba sa kwanciya. Suna yawonsu lafiya lau, suna sayar da abinci, suna gaisawa da mutane, alhali ƙwayar tana fita daga jikinsu har kwana goma.

Damina ce babban lokacinta. Ruwan Minna yakan fara wajen Afrilu ya kai Oktoba, kuma idan ya sauko da ƙarfi sai ya wanke bola da kwata da kashin yaran da aka watsar a bayan gida, ya bi gangare ya shiga rijiyar da ba ta da murfi ko dakali. Manyan magudanan kankare da aka gina wa garin a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida don ruwan sama aka yi su. Yau an mai da su juji. Mai gidan da zai tura yaro da bokitin shara ya juye a magudana da zarar hadari ya haɗu, wai ruwa ya tafi da ita, ya san sarai cewa ba sama za ta tafi ba, ƙofar wani Musulmi za ta tsaya. Haka wanda ke ƙulla ba haya a leda ya jefa ta katanga da dare. Wannan ba talauci ba ne, rashin tsoron Allah ne, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kashedi mai tsanani a kan yin ba haya a mashayar mutane da kan hanyarsu da inuwar da suke hutawa.

Ruwan famfo na Minna daga madatsar Tagwai da matatar Chanchaga yake zuwa, amma ba kullum yake isa kowane gida ba, shi ya sa da yawa suka dogara da rijiya da burtsatse da 'yan ga-ruwa. Sana'ar ga-ruwa halal ce, kuma ba don ita ba da gidaje da yawa sun kwana da ƙishi. Sai dai mai saye yana da haƙƙin ya tambayi inda aka ɗebo, ya kuma leƙa cikin jarka. Jarkar da cikinta ya yi kore, ko wadda aka toshe bakinta da tsumma, ba ta ruwan sha ba ce. Ko ruwan famfon ma, idan bututu ya fashe a cikin kwata, yakan zuƙo ƙazanta a lokacin da aka ɗauke ruwa.

A nan akwai wani kuskure da yake kama har masu ilimi. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san hukuncin ruwa a fiƙihun Malikiyya: matuƙar launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba, ya halatta a yi alwala da shi. Hukuncin daidai ne a babin ibada. Amma ƙwayar kwalara ba ta sauya launi, ba ta sauya ɗanɗano, ba ta da wari. Ruwa zai iya zama garau, mai tsarki mai tsarkakewa, kuma ya kashe wanda ya sha shi. Saboda haka alif da ake jefawa a randa don kwantar da laka, da tacewa da ƙyalle don tare datti, ba su isa su raba ruwa da ƙwayar ba. Abin da ke kashe ƙwayar shi ne a tafasa ruwan har ya yi ta ɓararraka, ko a sa masa sinadarin kulorin gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalbar ko ƙwayar, a jira rabin awa. Bayan haka a rufe randa, a ware mata moɗa guda mai mariƙi wadda ba a sha da ita, a hana yara tsoma hannu. Buta ita kaɗai ba ta gama tsabtace hannu. Bayan an fito daga bayan gida, bayan an wanke wa yaro kashi, kafin a taɓa abinci, sai an sa sabulu, in babu sabulu a sa toka.

Abinci ma hanya ce. Zoɓo da kunun zaƙi da fura da ƙanƙarar da ake ɗaurawa a leda sau da yawa da ɗanyen ruwa ake haɗa su. Latas da kabeji da yalo da ake ci ba dafuwa sai an wanke su da ruwan da aka tabbatar da shi. Tuwon da ya kwana a ɗumama shi har tururi ya tashi, a kuma rufe shi daga ƙuda.

Alamomin cutar ba sa ɓuya. Daga rabin yini zuwa kwana biyar bayan ƙwayar ta shiga, sai gudawa ta ɓarke, fara sol kamar ruwan da aka wanke shinkafa, sau da yawa ba ciwon ciki ba zazzaɓi. Amai ya biyo. Can sai ido ya faɗa, murya ta dushe, ƙafafu su riƙa ɗaurewa, fitsari ya ɗauke, in aka tsunkuli fatar ciki sai ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Ƙato majiyin ƙarfi da ya yi sallar asuba a jam'i ana iya sallatarsa kafin isha.

Abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Mai amai da gudawa kamar randa ce da ta tsage a gindi a gidan da ba a da wata. Uwar gida mai hankali ba ta tsayawa tana salati tana kallon ruwa na bin ƙasa, ba ta kuma cewa tunda zuba yake yi a daina ƙarawa. Sai ta sa yara su yi ta kawowa, moɗa bayan moɗa, abin da ya fita ta ƙasa a mayar da shi ta sama, don kada randar ta bushe ta ƙarasa fashewa kafin mai gyara ya iso. Ita wannan randar kuwa Allah Ya yi ta da wata baiwa da ta maginin tukwane ba ta da ita: in dai ba a bar ta ta ƙafe ba, cikin 'yan kwanaki tsagar takan haɗe da kanta. Wanda ya hana majinyaci ruwa wai don gudawar ta tsaya, shi ne ya ɗauke moɗar a daidai lokacin da aka fi bukatarta.

Abin da ake zubawa shi ne ruwan gishiri da suga. Mafi kyau a sami na ƙunshi da ake bayarwa a asibiti ko a saya a kemis, a juye a ruwan da aka tafasa ya huce, daidai yawan da aka rubuta a jikin takardar. In babu, a auna lita guda ta ruwa, a sa ƙaramin cokalin shayi shida na suga, a shafe ba a tula ba, da rabin cokalin gishiri. Kada gishirin ya wuce haka. A riƙa bayarwa kurɓi-kurɓi. In majinyaci ya yi amai a dakata kamar minti goma a ci gaba. Jariri kada a cire shi daga nono. Wannan haɗin da ake rainawa shi ne likita Dilip Mahalanabis ya ceci dubban 'yan gudun hijirar Bangaladash da shi a 1971, lokacin da ledojin ƙarin ruwa suka ƙare masa. Ana ba majinyaci haɗin ana tafiya asibiti, domin wanda ya galabaita ƙarin ruwa ta jijiya kaɗai ke tashinsa. Inda ba a yi magani ba cutar kan iya kashe har rabin waɗanda ta yi wa mugun kamu, inda aka yi da wuri kuwa ba a rasa ko mutum guda cikin ɗari. Babban Asibitin Minna da cibiyoyin lafiya na matakin farko ba su da nisa da Limawa. Amma sai a ga an ɓata yini ana haɗiyar kafso da filajin, ana jiƙa saiwa, ana jira wai a ga abin da gari zai waye da shi. Wasu kuma ɓoyewa suke yi don kada a ce gidan wane akwai ƙazanta. Mai gidan da ya fifita sunansa a kan ran ɗansa da na 'ya'yan maƙwabta zai amsa tambaya a kan amanar da aka ba shi. Sanar da ma'aikatan lafiya da mai unguwa wajibi ne. Tawakkali kuma bai hana ɗaukar mataki ba, domin Sayyidina Umar da kansa ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka a can.

In Allah Ya yi wa majinyaci rasuwa, gawarsa da tufafinsa da shimfiɗarsa duk suna ɗauke da ƙwayar. Masu wanka su nemi shawarar ma'aikatan lafiya, su sa safar hannu, kuma kada wanda ya yi wankan ya shiga hidimar abincin zaman makoki.

Sauran cututtukan an san su. Zazzaɓin cizon sauro ya fi kowace cuta yawan kwantar da mutane, kuma kwatar da ba ta gudu ita ce matattarar sauro. A kwana cikin gidan sauro mai magani, a yi gwaji kafin a sha magani, a karɓi na rigakafi da ake raba wa ƙananan yara wata-wata da damina. Sanƙarau na lokacin zafi ne da cunkoson ɗaki, kuma Neja na cikin jihohin da ya fi taɓawa a 2017. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya ba na jira ba ne. Allurar rigakafin yara kyauta ce, ita ce ta kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a 2020. Mai ciki ta fara awo da wuri, ta haihu a hannun ƙwararriyar ungozoma. Wanda ya haura shekara arba'in ya riƙa auna hawan jini da suga ko da ba ya jin komai.

Lafiyar ƙwaƙwalwa ita ce aka fi yin shiru a kanta. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 a Nijeriya na ta'ammali da su, kuma a shekarar ce gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin. Faɗan daba da kan tashi tsakanin matasan wasu unguwannin Minna ba ya rasa nasaba da wiwi da taramol da sholisho da zaman kashe wando. Uban da ɗansa zai shigo tsakar dare ido jajir, harshe a karye, ya kau da kai, har in an kama yaron ya je belinsa ba tare da ya tambaye shi komai ba, yana da kamasho a laifin. Shaye-shaye idan ya kama jiki ciwo ne, duka da kora ba sa raba mutum da shi.

Akwai kuma ciwon damuwa, wanda ke sa mutum ya daina barci da cin abinci da shiga mutane har tsawon makonni, yakan kuma kama mai jego bayan haihuwa. Addu'a da nasiha suna da muhallinsu, likita ma yana da nasa. Wanda ya furta cewa ya gaji da rayuwa kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a mai da maganarsa wasa. Ɗaure mai taɓin hankali da mari ko kulle shi a ɗaki zalunci ne, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadar masa haƙƙinsa. A fara kai shi asibiti mafi kusa, daga nan a tura shi wurin ƙwararru, irin na asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Maganin irin waɗannan cututtuka yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a dakatar da shi sai da izinin likitan da ya rubuta.