Kan Keke Mai Ƙahon Rago da Hannun Birkinsa

Akwai wani irin keke da a ke tsere da shi. Kansa ba a miƙe ya ke ba, a lanƙwashe ya ke zuwa ƙasa, sai ka ce ƙahon rago. An yi shi haka domin mahayi ya sunkuya, kada iska ta tare shi.

A da, in mahayi zai sauya giya, galibi sai ya saki kan keken da hannu ɗaya, ya lalubi wani ɗan ƙarfe can a jikin keken. A cikin 1990 kamfanin Shimano na ƙasar Japan ya fito da hannun birki wanda aka gama shi da na giya. In ka matso shi, birki ya kama. In ka tura shi gefe, giya ta sauya. Campagnolo na Italiya ya biyo da nasa a 1992.

To, amma fa ba kowane kan keke ne ya ke karɓar wannan hannu ba. Da zoben ƙarfe a ke ɗaure shi, zoben kuwa an auna shi. Kaurin kai mai ƙahon rago, daidai inda zoben ke zama, milimita 23.8 ne. Na miƙaƙƙen kai milimita 22.2. Tsakaninsu bai kai milimita 2 ba, da wuya ido ya gane. Amma in ka sa hannun tsere a miƙaƙƙen kai, zoben ba zai kama sosai ba, yana iya juyawa ran da ka matsa birki a gangare. Hannun miƙaƙƙen kai kuwa ba ya ma shiga ƙahon rago. Kada ka yarda a buɗa shi da guduma.

Tsakiyar kan ta fi kauri, wani milimita 26, wani 31.8. Wannan awo na wuyan keke ne, ba ruwan hannun birki da shi. Nan masu saye su kan ruɗe, su auna tsakiya, su bar inda ya kamata.

Ko zobe ya kama, da sauran magana. Hannun tsere kaɗan ya ke jan waya. Akwai birkin keken daji mai dogayen ƙafafu biyu, wanda a ke kira V, shi kuwa ja mai yawa ya ke so. In ka gama su, hannun zai taɓo kan keke tun birki bai riƙe ba sosai.

Giya kuma sai ka ƙidaya faifayen haƙora na ƙafar baya. In 9 ne, nemi hannu mai 9. Galibi na Shimano ba ya jituwa da kayan giyar Campagnolo, domin wayar da kowannensu ke ja a taki ɗaya ba daidai ba ce.

In ka ɗaura, kada ka yi saurin naɗe kan da ƙyalle. Ɗaga ƙafar baya, ka juya feda, ka bi giya ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ka matsa birki da ƙarfinka duka ka ga ko zoben ya motsa.